Labarin mai wankan gawa: son sa nake ko haushinsa nake ji?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Admin a yi min afuwa, na san ba yau ce ranar sharhi ba, amma abin ya tsaya min a maƙoshi tun daren Talata. Gajeren labarin nan da aka turo mana ranar Litinin, na tsohuwa mai wankan gawa, su wa suka karanta? Ni dai sau uku na karanta shi, kuma in za a ɗora min wuƙa a wuya a ce in faɗi ko ya burge ni ko ya ɓata min rai, ba zan iya ba. Karatun farko jifa na yi da wayar kan katifa. Can cikin dare da aka ɗauke wuta zafi ya hana ni barci, sai ga ni na lalubo ta na koma kansa.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Mu da muke kasuwa tun safe ba mu buɗe ba. A gutsura mana, Hajiya.

Maman Haidar: To wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake. Wata tsohuwa ce a cikin gari, Inna kawai ake ce mata, ita ake kira in mace ta rasu. Bayan sallar asuba aka zo da mota aka ɗauke ta zuwa wani katafaren gida a sabuwar unguwa. Aka ce 'yar aikinsu ce ta rasu, zazzaɓin kwana biyu. Yarinya ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba. Da Inna ta yaye zanen, sai ga shatin bulala a gadon bayanta, wani ya warke wani ɗanye, ga ƙunar dutsen guga a cinya. Matar gidan ce ke riƙe da butar tana zuba mata ruwa, kuma marubuciyar ta ce hannunta ko rawa bai yi ba. Babu wadda ta ce uffan. Inna ta tsefe kan yarinyar da ya yi wata uku ba kitso, ta yi mata kalaba uku. Ta ga lalle a hannun hagu kawai, na dama babu, saboda ita ta ƙunsa wa kanta. A bakin zanen yarinyar ta kwance ƙulli, naira 350. Aka yi sutura, maza suka ɗauki makara. Matar gidan ta ba Inna turmin atamfa da sabulu da ambulan. Ta hau adaidaita ta koma gida, ta tsaya ta sayi kifi banda, ta yi wa jikokinta marayu miyar kuka. Ƙaramin ya ce Inna miyar yau ta yi daɗi, a ƙara min. Ta ƙara masa. Shi ke nan fa. Wai labari ya ƙare.

Ummi Kurna: Anti wallahi kin fi ni haƙuri da kika maimaita. Ni na yi ta jan allo ƙasa ina neman ci gaba, na zaci datana ne ya ƙare. Har na bi admin ta bayan fage na ce ina kashi na biyu. Wannan ai cin amanar mai karatu ne. Ki tayar min da hankali, ki sa ni kuka, sannan ki bar azzaluma tana zaune a falonta tana karɓar gaisuwa? Ko hatsarin mota ai sai ki haɗa mata. Ni ban ga darasin da ke ciki ba.

Admin: Babu kashi na biyu, Ummi, na gaya miki. A ci gaba, amma a kiyaye harshe. Marubuciyar ba ta cikin zauren nan, kada a ci naman wadda ba ta nan.

Malamin Hausa: Ummi ƙanwata, wannan kalmar da kika faɗa, darasi, ita ce gaba ɗaya rigimar. An raine mu a kan cewa labari sai ya biya bashi kafin ya rufe. Tun daga tatsuniya: 'yar bora ta sha wuya ta auri ɗan sarki, 'yar mowa ta kwashi kashinta a hannu, ƙurunƙus. Littattafan da muka yi haya a wajen masu shago muna sakandare su ma haka. Ki duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, sunan kaɗai ya gaya miki inda za a kwana: mutumin da ya kori matarsa da 'ya'yanta sai da shagonsa ya ƙone ya dawo abin tausayi. Muna jin daɗin irin wannan don yana sanyaya zuciya. Amma kada mu ce baƙin labari baƙo ne a wajenmu. Cikin littattafan da suka biyo bayan gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare sahara, da ƙyar suka gana, kuma ganawar ke da wuya ta cika. Wa ya biya ta? A Jiki Magayi yaro ne ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Waɗannan a aji aka koya mana su, babu wanda ya ce an ci amanarmu.

Ummi Kurna: Malam ai waɗancan na zamanin bayi ne, an wuce wurin. Wannan kuwa unguwar da ta kwatanta kamar bayan gidan yayata.

Malamin Hausa: To kin ga kin ba kanki amsa.

Ɗan Kwari: Ni abin da ya ɗaure min kai, wane kifi ne za a saya yanzu har ya ishi miyar gida? Marubuciyar nan ta daɗe ba ta je 'Yan Kaba ba.

Maman Haidar: Alhaji kai kullum sai ka kawo raha. Amma ka riƙe maganar kifin nan, zan dawo kanta. Malam, ni ba rashin hukunta matar gidan ne ya fi ci min rai ba. Na girma, na san azzalumai da yawa suna mutuwa a kan gadonsu da carbi a hannu. Inna ce ta dame ni. An gina min ita har na so ta: yadda take ɗaura ɗankwali, yadda take gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu kamar mai wankan jariri, yadda take yi wa gawar magana a hankali tana cewa juya 'yata. Mace irin wannan ce za ta ga abin da ta gani ta karɓi atamfa? Na ji kamar kakata ce ta yi min haka. Kuma ban iya tsanarta ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Hajiya Yakasai: Salamu alaikum. Jikata ce take karanta min abin da kuke rubutawa, ita ce kuma take rubuta min wannan, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ni na yi wankan gawa ya fi shekara ashirin a unguwarmu kafin gwiwa ta hana ni tsuguno. Yarinyar da ta rubuta labarin nan, ko ta taɓa shiga ɗakin wanka ko ta zauna da wadda ta shiga. Ganyen magarya da aka daka aka tace, kafur a ruwan ƙarshe, farawa da dama, tsumma a hannu, rufe tsiraici ko da mace ce da mace, duk haka ake yi. Abu ɗaya ta kuskure, ba a barin mai zuba ruwa ta tsaya a kan gawa tana kallo haka, gefe take tsayawa ta kau da kai. Amma wataƙila da gangan ta yi.

Maman Haidar 'yata, ranar da aka fara koya min, abin da malamar ta fara gaya min ba yadda ake wankan ba ne. Cewa ta yi, idonki ya gani, bakinki bai gani ba. Mun ga abubuwa. Mun ga matar da kowa ke cewa ta ji daɗin aure, jikinta ya faɗi wata magana daban. Ka fito ka tarar da mijin a zaure yana share hawaye ana ba shi haƙuri. Me za ki ce? Wa za ki gaya wa? Kafin azahar an kai ta, ƙasa ta rufe. In kika buɗe baki a ce tsohuwa ta fara ruɗewa, ko a ce kina tona asirin matattu, gobe babu mai kiran ki, kuma ba kiran ne abin ji ba, sunan da za a saka miki ne. Ban ce daidai ba ne. Na ce haka ake yi.

Ummi Kurna: Innalillahi. Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi.

Maman Haidar: Allah ya saka da alheri Hajiya, ya ƙara lafiya. Don Allah in tambaye ki, in ban yi rashin kunya ba. A cikin shekarun nan, kin taɓa faɗa?

Hajiya Yakasai: Sau ɗaya. Na gaya wa mai unguwa a soro, ni da shi. Ya ce zai duba. Allah ya jiƙansa, shi ma ya daɗe da rasuwa.

Ustaz na Fagge: Bismillah. Hajiya, Allah ya ba da ladan abin da aka yi. Ina so in gyara wani abu kaɗan don kada a fita da fahimtar cewa addini ne ya rufe bakin Inna. Gaskiya ne akwai hadisi da ke kwaɗaitar da wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri, kuma an yi masa alkawarin gafara. Siffar wankan ma da Hajiya ta faɗa tana cikin Risala: a wanke wutiri da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, likkafani uku ko biyar ko bakwai. Kalaba ukun nan kuma daga hadisin Ummu Aɗiyya ne, lokacin da suka wanke 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma asirin wa aka ce a rufe? Na mamaci. Wani aibi a jikinsa, ko canjin kama, ko wari, abin da zai ji kunya da yana raye. Shatin bulala a bayan yarinya ba aibinta ba ne, aibin mai bulalar ne, kuma ita tana raye tana riƙe da buta. Wanda ya yi shiru a nan ba gawa ya suturta ba. Ga kuma aya ta 283 a Baƙara da ta hana ɓoye shaida, ta ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Don haka ni matsalata da labarin ita ce bai nuna wannan bambancin ba. Yaro zai karanta ya ɗauka shirun Inna ibada ne.

Alƙalami: Allah ya gafarta Malam, a nan zan saɓa maka, da girmamawa. Ni ma ina ɗan taɓa rubutu. Labarin bai ce shirunta ibada ne ba. Ka koma wurin da take wanke hannunta bayan an fita da makara: sau bakwai ta wanke, ta shinshina, ta sake wankewa. Mai jin ta yi ibada ba ta yin haka. Da marubuciyar ta sako wani malami a ƙarshe ya zo ya karanto aya ta 283, da mun ce alhamdulillahi, an faɗi gaskiya, mu rufe waya mu yi barci. Ga shi yau kwana huɗu Maman Haidar ba ta yi barcin kirki ba, kai kuma ka zo da kanka ka karanto mana ayar. To ai ta sa an karanta ta ke nan, a bakin da ya fi nata cancanta.

Ustaz na Fagge: Malama, ba kowane mai karatu ne yake cikin zaure irin wannan ba. Wata ita kaɗai za ta karanta a ɗakinta, babu mai yi mata fashin baƙi. Rubutu amana ne.

Alƙalami: Haka ne, amana ne. Amma wannan hujjar ta a kare mai karatu ita aka riƙe a 2007 lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata, zamanin Malam Shekarau. Ita ce kuma ake riƙewa duk lokacin da aka ce marubuta su kai rubutunsu Hukumar Tace Finafinai a duba kafin a buga. Shekara nawa muna rubutu da ido ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan masu tacewa? Shi ya sa mugu a littattafanmu dole ya haukace ko ya talauce a babin ƙarshe, ko da marubucin ya san a unguwarsu mugun hawa na uku yake ɗorawa a gidansa. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 mata suka samu wata ƙofa ta gajeren labari, kuma da yawa abin da suke fitowa da shi ba mai daɗin ji ba ne, don abin da suke gani ke nan.

Ustaz na Fagge: Ban ce a ƙona ba, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba. Cewa na yi da ta ƙara layi biyu.

Malamin Hausa: Layi biyun nan su ne za su kashe shi, Ustaz. Amma na yarda da kai a kan bambancin asirin mamaci da asirin mai rai, ban taɓa tunaninsa haka ba.

Hajara Kayan Mata: Salam 'yan uwa, akwai sabbin atamfofi da leshi sun sauka, mai so ta yi min magana, ana kaiwa har gida cikin Kano.

Admin: Hajara, wannan gargaɗi na biyu ke nan. Ranar Asabar ce ranar talla. Kuma ki dubi maganar da ake yi kafin ki kawo mana atamfa.

Ɗan Kwari: Ko ni da nake sayar da ita yau ban iya tallarta ba.

Maman Haidar: Alhaji na ce zan dawo kan kifinka. A karatu na uku na lura da abin da ya wuce ni sau biyu. Da Inna ta tsaya wurin mai kifi, ya ce mata ɗari huɗu, ta ce ba ta da shi, ya ce kawo abin da ke hannunki. Ta ba shi 350. Ku koma ku duba. Ambulan ɗin kuwa da ta shiga ɗaki ta cusa shi ƙarƙashin katifa, ba a ce ta buɗe ba. Wato da kuɗin yarinyar ta yi miyar.

Ummi Kurna: Kai! Na koma na gani. Wallahi haka ne. To wannan ai ya fi muni! Kuɗin marainiyar Allah, guminta, ta ci da jikokinta?

Alƙalami: Ko kuma ta kasa taɓa kuɗin toshiyar baki ne, ta ga na yarinyar ne kaɗai mai tsarki a cikin abin da ta fito da shi daga gidan.

Ustaz na Fagge: Mai tsarki a wajen wa? Wannan kuɗin gado ne, na iyayenta ne, ko naira biyar ce. Ba ta da ikon taɓa shi.

Alƙalami: Iyayen da ba a ko jira su ba aka binne ta? A labarin cewa aka yi za a aika musu. Inna ba ta san sunan garinsu ba, matar gidan ma da aka tambaye ta cewa ta yi wani ƙauye ne can wajen Jigawa.

Malamin Hausa: Ni kuma ga yadda na gan shi. Da ta miƙa wa matar gidan kuɗin, ya shiga jakar wadda ta kashe ta. Da ta bar shi a zanen, a ba wani almajiri zanen ko a jefar. Ta ɗauka, ta ciyar da marayu, yaron ya ce a ƙara. Kamar ta yi wa yarinyar sadakar da babu mai yi mata ne, ba uku ba bakwai ba arba'in. Kuma a lokaci guda ta sa jikokinta sun ci daga abin, sun shiga ciki su ma ba su sani ba. Duka biyun suna nan, marubuciyar ba ta zaɓar mana ba.

Ummi Kurna: Ni dai Malam duk yadda za ku juya shi, miyar nan ba zan iya shan ta ba.

Lauya S.: Na makara, ina kotu tun safe. Ba zan shiga maganar adabi ba, ba fagena ba ne, amma tunda an taɓo shari'a bari in ajiye wannan. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ba dukan ba, ɗaukar kanta laifi ce, azabtarwa kuma laifi ne na daban mai hukunci mafi tsanani. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano kuma ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Takarda dai akwai ta. Inda ake samun cikas shi ne daidai wurin da labarin ya tsaya. Muna binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, mafi yawa babu takardar likita in a gida aka rasu, mutanenmu kuma ba sa son a taɓa gawa da sunan bincike. To in yarinya ta mutu a bayan katanga, mutum nawa ne suka ga jikinta? Wadda ta yi mata illar, da mai wanka. Shi ke nan shaidun duniya. Shi ya sa da na karanta ban ji haushin marubuciyar ba, na ji tsoro ne, don ta gano daidai ramin da irin waɗannan shari'o'in suke faɗawa.

Kuma ku lura da yadda harkar aikatau take tafiya. Wata mata ce take zuwa ƙauye ta kwaso yara, ta rarraba su gidaje, ƙarshen wata ita take zuwa ta karɓi kuɗin, ta cire nata, ta aika wa iyaye saura, su kuma suna tara wa yarinyar kayan ɗaki. Yarinyar ba ta riƙe ko sisi. Don haka 350 ɗin nan ba albashi ba ne. Canjin cefane ne da wani ya ce riƙe, ko baƙuwa ta ba ta, ta yi ta ƙullawa.

Ɗan Kwari: Barista kin sa na daina dariya. Gidaje nawa ne a garin nan babu irin yaran nan? Har gidan malamai da na alƙalai.

Maman Haidar: To bari in faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa tun ɗazu. Akwai yarinya a gidana. Shekararta biyu a wajena. Allah shi ne shaida ban taɓa ɗaga hannu na dake ta ba, abin da muka ci shi take ci, da salla tare nake ɗinka musu da 'ya'yana, tana zuwa islamiyya da yamma. Kullum da wannan nake auna kaina in ce ni ba irin su ba ce. Daren Talata da na gama karatu na biyu, na kunna fitilar waya na fita tsakar gida. A kan tabarma take kwana a ɗakin da muke ajiye buhunan abinci, kusa da kicin. Na tsaya a kanta ina haska ta kamar ɓarauniya. Na duba hannunta. Ban san me nake nema ba, lalle ko me. Sai na tuna maganar matar can, wani ƙauye ne can wajen Jigawa, na tambayi kaina sunan garin su yarinyar nan. Na san ƙaramar hukumar. Garin ban sani ba. Sunan babanta ban sani ba. Lambar da nake da ita ta matar da ta kawo ta ce kawai. Shekarunta ma cewa aka yi sha uku lokacin da aka kawo ta, ban tambaya ba, kuma har yau ba ta kai kafaɗar Haidar ba, shi da yake sha biyu.

Shi ya sa na ce ban san ko son labarin nake ba. Na shiga ina neman in tsani matar gidan in ji daɗi, na fito ban san kusa da wa nake tsaye a ɗakin wankan ba.

Hajiya Yakasai: 'Yata, wadda ta tashi cikin dare ta je ta duba ba ita ce mai butar ba. Amma ki tambayi sunan uban. Mu da muke wanka, abin da muke fara tambaya ke nan, 'yar wace ce, don a san wa za a yi wa gaisuwa.

Ummi Kurna: Anti ki yafe min, ɗazu na yi ta surutu ban san abin da ke ranki ba. Mu ma akwai a gidan yayata, ita kam ana dukanta, na sha gani. Ban taɓa cewa komai ba don kada a ce ƙanwar mata ta cika shisshigi a gidan miji.

Ustaz na Fagge: Allah ya ba mu ikon gyarawa. Maman Haidar, in za ki karɓi shawara, ki nemi ganin mahaifanta ido da ido, kada ki tsaya a kan mai kawowa. Ummi, ki fara da yayarki cikin sirri. Malama Alƙalami, har yanzu ina nan a kan layi biyuna.

Alƙalami: Na sani Malam. Ni ma ina nan a kan a bar shi yadda yake.

Lauya S.: Maman Haidar ki yi min magana ta gefe in kin samu sarari. Ba don in tsorata ki ba, akwai hanyar da ake bi a gane shekarun yaro ko babu takardar haihuwa, kuma akwai makarantun gwamnati da za su karɓe ta da safe ko ta wuce shekarun shiga aji ɗaya.

Admin: An kusa kiran magariba. Zan bar zauren a buɗe har bayan isha, daga nan sai sharhin ranar Lahadi. Wanda ke da labarin da zai ba da shawara a karanta ya turo min.

Ummi Kurna: Don Allah admin wannan karon a samo mana na soyayya, wanda za a yi biki a ƙarshe.

Maman Haidar: Na dawo. Bayan mun idar da salla na kira ta ɗaki na ce zauna, na tambaye ta sunan babanta da garinsu. Sai ta fashe da kuka, ta durƙusa tana cewa Anti me na yi, don Allah kada ki mayar da ni, zan daina. Da ƙyar na lallashe ta ta yarda ba korar ta zan yi ba. Ta faɗa min, na rubuta a bayan kalandar kicin. Ta ce daga bakin titi sai an hau babur, in damina ta yi nisa kuma sai a ƙafa. Matar da ta kawo ta jibi za ta zo karɓar kuɗin wata. Barista zan kira ki gobe da safe in na sauke yara a makaranta.